Sallama da tsohuwar kwamfutar zauren Kawu

Littattafan kakanmu falle-falle suke a cikin gafaka daban-daban, kuma gara da yoyon damina sun daɗe da hautsina su. Na ɗauki hotunansu duka yadda na same su, a hargitse. Mutum ɗaya ya rage a unguwar Limancin Kona da zai kalli shafi ya ce ga wanda ke bin sa, shi ne Kawu, yayan mahaifiyata. Shi kuwa idonsa ya fara tafiya. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce abin da za mu yi mu yi shi da wuri.

Na kafa wata tsohuwar kwamfuta a zaurensa ta zama rumbun hotunan, na haɗa ta da tawa ta hannu da doguwar waya. Ina ƙara girman shafi a allo, Kawu na faɗin wurinsa, ina rubuta jerin. In an tashi sai in adana jerin a rumbu, in ba da umarnin raba tawa da shi. A nan masifar take. Wata rana a rabu lafiya. Wata rana ina dannawa sai kanel, wato uwar manhajar da ke riƙe da komai a cikin tawa kwamfutar, ta faɗi warwas, allo ya cika da rubutu, jerin yinin ya isa rumbu a gutsure. Washegari Kawu ya sake farawa da idon da bai kai na jiya ba.

Na canza waya. Na canza kanel har sau uku. Na zagi tsohuwar kwamfutar a zuci, don ba a zagi a zauren nan. Kawu ya ce yaya za a yi abin da ke ɗauke da sunan Allah ya zauna a ƙasa, aka ɗora ta kan kujera, aka lulluɓe ta da darduma har ta fara zafi. Ya hana ni taɓa ta babu alwala. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ba da shawarar a shanya ta. Kuma wallahi saura kaɗan in shanya.

Na ɗauki hoton rubutun allon na aika wa masu kula da kanel ɗin a intanet. Wani bawan Allah a cikinsu ya ce in lura da bambancin ranar lafiya da ranar faɗuwa. Na buɗe littafi: zafin rana, wutar lantarki, yawan shafuka, har abin da na ci. Abu ɗaya ne kawai ya dace. In Kawu na zaune lokacin tashi, lafiya lau. In ya riga ni fita, masallaci ko ta'aziyya, sai ta faɗi. Na rubuta wa mutumin cewa ba ta faɗuwa in Kawu yana nan. Ya tambaye ni wace manhaja ce Kawu, kuma a ina ake sauke ta.

Kwana biyu ina tunanin ko tsoronsa take ji. Ran nan na adana jerin, na ce, "Kawu, zan koma."

"Tun yanzu? To ka gaida mutan gida. Ka ce wa uwarka ina nan tafe. Af, zauna, ban ba ka labarin rijiyar nan ba."

Na zauna. Na miƙe. Ya sake tuno wani abu. Sai da muka ci kusan kwatan awa, kamar kullum, kafin na kai hannu ga umarnin. A nan kaina ya waye. Tsohuwar kwamfutar jinkirin amsa take yi. In na raba su nan take, amsarta ta ƙarshe sai ta iso bayan kanel ta share wurin karɓarta, ta yi tuntuɓe da ita ta faɗi. Doguwar sallamar Kawu ce ke ba ta lokacin gama magana.

Da na yi masa bayani sai ya ce, "To ina laifinta? Kai ne mara kunya, ana maka magana kana juya baya."

Na rubuta ɗan umarni mai jira minti biyu kafin rabuwa. Ba ta sake faɗuwa ba. Amma makonnin da na ɓata an ɓata su. Muna isa gafaka ta ƙarshe idon Kawu ya rufe gaba ɗaya. Ya shafa allon da tafin hannu, ya ce, "Bar ta haka, yaro." Na fita waje na yi kuka, don na san da na gane da wuri da mun gama.

Daga baya masu kanel suka gyara matsalar, mutumin nan ya aiko mini cewa in cire jiran, ba shi da sauran amfani. Lokacin Kawu ya riga ya rasu. Hotunan gafakar ƙarshe suna nan a hargitse. Jiran kuwa ban cire ba. Kullum in na gama aiki sai in zauna a zauren minti biyun nan, ko akwai sauran abin da ba a faɗa mini ba.