Wakilin Gida Arba'in a Bron

Na zauna Kano, na zauna Kwatano, na yi shekaru ina sarin kaya a Aubervilliers kafin ciwon gwiwa ya maido ni Bron, duk a Faransa, kusa da ɗiyata. Duk inda na sauka, ƙofar gida nake fara dubawa kafin ɗaki. A Damagaram inda aka haife ni, in an yi rasuwa a ƙofar gida ake shimfiɗa tabarmi kwana uku. A Kano har titi ake tarewa da benci, ba mai cewa uffan. A Faransa kuwa ƙofar gidanka matakala ce, mutum biyu ba su wuce juna sai da "pardon".

Mu a Bron mun yi sa'a. Tsakanin dogayen benayenmu biyu akwai fili mai itatuwa huɗu da bencin siminti. Nan muke zaman makoki, ƴan Nijar da ƴan Najeriya, gida kamar arba'in. Maƙwabta sun saba, in suka ga an jera kujeru sai su rage murya su wuce.

Wata rana meri, wato hukumar gari, ta aiko takarda: za a rushe bene ɗaya, a gina ƙanana huɗu, gidaje su ƙaru, tunda tram, jirgin ƙasan cikin gari, na bi ta unguwar kuma ɗaliban jami'a na neman wurin zama. Ban ƙi ba. Na ga irin aikin a Saint-Denis, kuma tsohon benen ya gaji. Amma da na duba zanen da aka liƙa, ɗaya daga cikin sababbin gine-ginen a kan filinmu ya zauna daram.

Muka taru bayan Juma'a. Abokina, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa, ya ce, "Malam, kai ne babba, kuma Faransancinka mai guga ne. Je ka yi magana da yawunmu."

Na ce, "Naka fa, Alhaji?"

"Nawa na ciniki ne. In na je sai in taya filin."

Haka muka gada. Jama'a ba ta ɗunguma gaban hukuma, dattijo ɗaya ake turawa, shi ne mutunci. Na sa babbar riga na tafi. Matar da ke kula da aikin ta saurare ni da kyau, ta miƙo mini wani kaye, wato littafin rubutu, da aka ajiye don ra'ayin mazauna unguwa. Na cika shafi guda, na sa hannu, na dawo aka yi ta sa mini albarka.

Ranar taron bayani, matar ta tsaya gaban zane ta ce masu neman wurin ajiye mota sun yi yawa, don haka an ƙara musu. Batun fili kuwa, mutum ɗaya ne ya ambata.

Na miƙe. "Madam, ni mutum arba'in ne."

Ta buɗe kayen ta duba. "Mushe," wato yallaɓai da Faransanci, "sa hannu ɗaya nake gani." Ba da raini ta faɗa ba. Ta ƙara da cewa ba za a rufe kayen ba sai ƙarshen wata.

A nan na gane kuskurenmu, kuma ban ɓata lokaci ina jin haushi ba. Na bi gida-gida da sandata. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mutanena suna jin kunyata. Wata Hajiya ƴar Tawa, wadda ake dafa abincin makoki a kicin ɗinta, ta ce, "Haba Malam, ka riga ka yi magana, mu ɗora tamu a kan taka? Ai sai a ce mun raina ka."

Na ce, "Hajiya, a garin nan in ba ki raina ni ba, a matakala za a yi makokina."

Ta yi salati, ta ɗauko mayafi. Ita ta jawo matan. Kowa ya je da ƙafarsa, wanda bai iya rubutu ba ya faɗa aka rubuta masa ya sa hannu. Alhaji ya rubuta layi biyu da Faransancinsa na kasuwa, ya ƙi bari in gyara.

Ba mu samu duka ba. An ja ginin baya, aka ƙara masa hawa ɗaya don kada gidajen su ragu. Filin ya koma rabi, itatuwa biyu suka tsira da bencin.

Makokin farko da muka yi bayan an gama ginin na Alhaji ne, Allah ya jiƙansa. Ni na jera kujerun da hannuna, layin ƙarshe ya kai bakin ƙofar sabon ginin, amma kowa ya samu wurin zama. Na zauna a bencin ina karɓar gaisuwa har la'asar, kwana uku.