Uku a Kan Lilo

A bakin filin wasan yara na wata unguwa a Kazaure akwai wata mai awara, doguwa, busasshiya, da tabon ƙuna a damtse. Iya Jannatu yara ke ce mata. Hannunta na kan kasko, idonta na kan lilo, leɓenta na motsi tana ƙirga yaran. Ƙila ta taɓa ƙirgawa ta ga babu ɗaya.

Samari biyu na tsaye gefenta suna musu kan wasan waya, irin wanda ake yawo a gari ana kama dodannin da sai a waya ake ganinsu.

"Shafi'i, lilon unguwa fa ba wurin tarihi ba ne, ba za su sa shi a taswirar wasan ba."

"Sun sa mana," in ji Shafi'i, yana auna lilon da waya. "Ga uku nan. Ƙaramin zan fara kamawa."

Yara uku ne a kan lilon.

Iya ba ta tsaya tambaya ba. Ta zaro itace mai wuta daga murhu, ta maka wa Shafi'i a hannu, waya ta tarwatse. Ta ƙara masa a baki, jini ya wanke masa riga.

"Iya, wallahi wasa ne," in ji Shafi'i.

"Da 'ya'yan mutane?"

'Yan acaɓa sun taru, wani har ya ɗauki dutse. "Iya, me ya yi?"

"Ɓarawon yara" na kan harshenta, ta kuma san in ta furta, gawarsa za a ɗauka. Ta mayar da itacen cikin murhu.

"Rashin kunya ya yi mini, na kuma rama. Ku watse."