Wazirin Sarkin Cikin Waya

Kabeji da karas nake sayarwa a kasuwar Farin Gada, kuma tsakanin tashin motocin safe da zuwan masu cefanen yamma akwai zaman banza mai tsawo. A wannan zaman na faɗa wani wasan yaƙi na waya da jama'a da yawa ke bugawa tare. Kowa a ba shi ɗan ƙauye, ya noma alkama, ya haƙo ƙarfe, ya tara mayaƙa. Mai ƙaramin gari ba ya zama lafiya sai ya yi caffa ga babba.

Wanda na yi wa caffa wani ma'aikacin gwamnati ne a Daɗin Kowa. Ban taɓa ganinsa ba, sai dai muryarsa da yake turo mana, yana jan magana kamar wanda ya gaji sarauta tun kaka da kakanni. Duk mako sulusin alkamarmu na tafiya rumbunsa, wai kuɗin kariya. Shi kuma ya biya mu da sarautu, tunda ba saye yake ba. Wani direban tifa ya zama Madaki, ni aka ba ni Waziri don na iya ciniki. Abin kunya, har matata na gaya wa.

Ƙasarmu akwai ƙarfe, babu itace. Maƙwabtanmu kuwa daji gare su, kuma shugabarsu wata malamar firamare ce a Rikkos, yawancin mutanenta 'yan cocinsu. Mako biyu na yi ina lallaɓa ta, kamar yadda nake lallaɓa manomi a bakin mota, har muka ƙulla amana: ayarinmu ya kai ƙarfe, nasu ya kawo itace, ba mai taɓa wani.

Ran nan ta aiko mini: "Oga Waziri, babana ya rasu. Za mu tafi ƙauye jana'iza, kwana uku, ba sabis a can. Ka duba mana gari."

Na sanar da sarki don ya yi mata ta'aziyya.

Ya ce, "Kwana uku ka ce? Dukansu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, rasuwa aka yi fa."

Ya ce, "Waziri, mulki ba a yin sa da tausayi."

Mutumin da na tabbata a ofis ko masinja ba ya tsoronsa, shi ne yake koya mini mulki. Kafin la'asar ya tura rundunarmu, an ƙone gonakinsu, an kwashe rumbunansu. Har da mayaƙana a ciki, don ban hana ba. Ina auna wa wata mata karas, ina leƙen waya, ina ganin hayaƙi.

Da ta dawo layi ɗaya ta rubuto: "Kai kaɗai na gaya wa."

Ba ta yi zagi ba. Bi ta yi gari gari tana nuna wa sauran sarakuna rubutacciyar amanarmu, har uku suka mara mata baya. Ranar da suka taso, sarkinmu ya turo murya cewa kowa ya tsaya a bakin ganuwarsa, gara mutuwa da gudu. Sannan ya ɗebi alkamar da muka shekara muna tara masa ya sayi garkuwa, wani abu da ke hana a taɓa gari na kwana bakwai, ya lulluɓe nasa shi kaɗai. Madaki ya yi ta kiran sa, waya a kashe. Garina ko sa'a guda bai yi ba aka cinye shi.

Ranar Asabar na cika buhu da kabeji da dankali, na nemi gidanta a Rikkos. Ta karɓi gaisuwa, ta ba ni ruwa, ta tambayi iyali. Da na soma zancen wasa ta ɗaga hannu.

"Bar shi, malam. Na babana ka zo, ko?"

Na ce na babanta na zo.

Bayan wata guda sarki ya ɓullo. Ya kafa sabuwar daula a wani fagen wasan, yana neman amintattu, ya ce ya ajiye mini Galadima. Na goge wasan. Madaki dai ya bi shi, kuma na ji an ce yanzu rabin alkama ake kaiwa.