Ni Gasa Na Ce, Kawu Gashi Ya Ji

Ina tsaye a shagon Kawu Idi mai walda a unguwar Stapleton ta New York, zomona a ƙirji, ina kallon abin da ya ƙera mini. Murhun tsire!

Ranar Asabar zan kai zomon nan gasar kyau, bayan shekara guda ina cin littattafan kiwo a laburare. Kejin kanti ya fi ƙarfin aljihuna, shi ne na buga wa Kawu waya: raga a sama, tire a ƙasa, zan kai zomo gasa.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Ba gasa ka ce ba, ɗana? Ga raga, ga tiren gawayi. Innarka har yaji ta daka."

"Haba Kawu! Alƙalai ne za su taru, su duba gashinsa!"

"To, ai gashin nake faɗa maka. Zai yi kyau."

Wallahi har ni na fara shakkar abin da na ce.

Ya yarda zai sa murfi da mariƙi kafin Juma'a, amma wai in bar masa zomon ya auna. Na ciro igiyar takalmina na auna, na miƙa masa igiyar.

Jama'a, Hausata ce ta lalace a New York, ko kunnen Kawu?