Allin Baba a Jikin Tukunya Ta Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa, kafin masu shara su gama. Ya rataye rigarsa a ƙusa, ya sa shuɗiyar ta aiki, ya jera kayansa bisa benci: burushin waya, tsummoki, gwangwanin jan ruwa, gwangwanin farar hoda, da guntun alli. Haka ya yi shekara talatin da ɗaya. A masana'antarmu Baba Mai Alli kowa ke ce masa.

Aikinsa duba lafiyar ƙarfe ne ba tare da an yanka ko an fasa ba. Sai ya kankare fenti daga wurin walda, ya shafa jan ruwa, ya jira minti goma sha biyar cif, ya goge, ya fesa hoda. In akwai tsaga, ko siririya ce kamar gashi, jan zai ɓullo ta cikin farin kamar jini a bandeji. Nan zai zagaye wurin da alli, kuma abin da ya zagaye ba ya komawa aiki sai an gyara.

Masu walda sun sha allin nan har sun gaji. Babbansu ya taɓa ce masa, "Haba Baba, wallahi ko surukata ba ta bin diddigina haka."

Baba bai ko ɗago ba ya ce, "Surukarka ba ta tsayawa ƙarƙashin abin da ka liƙa. Sake shi."

Direban injin ɗaga kaya ya ba ni labarin ranar da Baba ya hana shi aiki saboda wani ɗan jan layi a wuyan ƙugiya. Direban ya yi ta zagin Baba a ransa. Da aka sauke ƙugiyar, guduma ɗaya ta raba ta biyu. Ba wanda ya mutu, don haka ba wanda ya gode. Haka aikin yake: in ka yi shi daidai, ba abin da zai faru, sai a ce zaman banza kake.

Ni kaɗai ce mace a sashen. Na zo da digirina, kuma ban ɓoye shi don kowa ya ji daɗi ba. Wasu suka ce ba zan yi wata uku ba. Baba ya miƙo min burushi ya ce, "Injiniya, takardarki tana ganin cikin ƙarfe? To kankare mu gani." Shekarata huɗu ke nan.

Bara ya samu tsaga a jikin tukunyar tururi ta uku, tsawon ɗan yatsa. Mutum goma sha huɗu ke aiki a ɗakin. Gyaran yana buƙatar a kashe tukunyar mako uku. Manaja ya zo ya duba da'irar allin, ya yi murmushi.

"Baba, ido fa yana tsufa."

"Ranka ya daɗe, ido na tsufa. Jan ruwan nan kuwa jiya aka buɗe shi."

Washegari muka tarar an shafe wurin da koren fenti. Baba ya kankare, ya gwada, ya zagaye. Aka sake shafewa. Sau uku ana haka. A na huɗu takardar ritaya ce ta zo, har da godiyar kamfani a ƙasanta. Ba a yi masa taro ba. Ya cire rigarsa daga ƙusa, ya danƙa min allin, ya fita ta ƙofar da ya saba shigowa.

Kai ne ka ƙi sa hannu a takardar da ke cewa tukunyar lafiyarta ƙalau, Baba, alhali autarka ba ta gama makaranta ba. Kai ne jan ruwa ya rine wa farata har sabulu ya sallama, hoda ta bar maka tarin da Mama, matarka, ke cewa ba ka shan maganinsa. Mai cewa a'a a gidan masu cewa to. Har yau kullum da safe sai ka kira ni: "'Yata, ina allurar ma'aunin tururin tukunyar ta kai?" In na faɗa, sai ka ce, "Ki ce su rage zama kusa da ita."

Sun kawo min takardar da ka ƙi. Ban sa hannu ba, ba kuma zan sa ba. Sun ɗauko wani daga waje, ya leƙa daga bakin ƙofa ya rattaba. Ni kuma an mayar da teburina ɗakin ajiya. Tukunyar tana nan tana huci. Ban yaudari kaina cewa rubutun nan zai kashe ta ba. Na rubuta ne don in ranar ta zo, kada wani ya buɗe baki ya ce ba a faɗa ba.

Na gode, Baba. Allah Ya saka maka, tunda mu mun gaza. Ku kuma masu riƙe da biro a ma'aikatu, ku sauko ku kankare fentin ku gani da idonku kafin ku sa hannu.

Yau da safe na kankare, na gwada. Tsagar ta kai yatsa biyu. Na zagaye ta. Kafin azahar sun shafe. Allinka saura kamar ƙwayar wake, amma na sayo kwali guda.