Wasiƙar da Aka Buga a Injin Sahura

Sahura Makau ta shekara ashirin da uku tana buga takardu a wani ofishin gwamnati da ke Anka. 'Yar Bukkuyum ce. Mahaifinta tela ne, kuma a gefen kekensa ta saba zama tun safe har la'asar ba ta ce uffan ba. Da ta gama sakandare aka kai ta Gusau ta koyi tafireta. Da tsohon inji mai ƙararrawa ta fara aiki, daga baya aka kawo mata kwamfuta da firinta a ɗan ɗakin da ke jikin na shugaban ofis. Takardar ƙarin girma, ta canjin wurin aiki, ta tuhuma, duk ta hannunta suke bi. Ma'aikata sun san tana sanin labarinsu kafin su ji, sun kuma san ba ta faɗa. Shi ya sa ake gaishe ta da ladabi, amma ba a cika zama hira da ita ba. Atine mai shara ce kaɗai ke cin abincin rana tare da ita.

Saura wata biyu zaɓe, shugaban ofis, Alhaji Abdulrashid, ya ba ta sanarwa ta buga. Daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, ba ma'aikacin da zai sa hular jam'iyya, ko ya liƙa fosta, ko ya bar aiki ya tafi taron siyasa, ko ya yi wa wata jam'iyya hidima da mota ko injin ofis. Ta buga, aka manna a allon ƙofa.

Mako bai cika ba Hamisu mai kula da sito ya sami takardar tuhuma. Ranar Litinin da hantsi ya sulale a babur ya je bakin gari tarbar wani ɗan takara, ya dawo kafin azahar da hula a aljihu. Yana ganin ba wanda ya lura. Amma takardar ta faɗi lokacin fitarsa da na dawowarsa, har da launin hular.

Ya tsaya a ƙofar Sahura da takardar a hannu.

"Malama Sahura, tagarki ita ka kallon wurin aje babura."

"Hakanan ne."

"To, Allah shi isam min."

"Ni bugawa nike, Malam Hamisu. Ba ni ka rubutawa ba."

Ya juya ya koma sito. Daga ranar, in ta shigo farfajiya sai hira ta mutu. Masu zama gindin dalbejiya suka koma magana ƙasa-ƙasa, kowa na satar kallon na kusa da shi. Ita ma ta fara lura da wanda ke daɗewa a ofishin Alhaji, da wanda ke fita ya amsa waya a bayan gini.

Ana cikin haka ƙanenta Uba ya zo daga Bukkuyum. Shi ɗan jam'iyya ne na sosai. Ya shigo ɗakinta wajen ƙarfe sha ɗaya na ranar Talata, ya ajiye mata jerin sunayen wakilan rumfunan zaɓe da aka rubuta da biro.

"Yaya, ki ɗan buga min wanga. Minti goma ya isa."

"Ba ka ga abin da ke manne ga ƙofa ba?"

"Wa zai sani?"

"Ɗauke shi, Uba. Tai kasuwa, akwai masu shagon bugu. In kana son gani na, ka iske ni gida bayan la'asar."

Ya kwashe takardunsa ya fita yana gunaguni, ya ratsa farfajiyar a idon kowa.

Ranar Alhamis Alhaji Abdulrashid ya kira ta, ya ce ta turo ƙofa. Ya tura mata wata wasiƙa da aka zuro ta ƙarƙashin ƙofarsa, ba suna, ba sa hannu. An rubuta cewa Sahura na buga wa jam'iyyar ƙanenta takardu da injin gwamnati a lokacin aiki, an kuma ga Uba ya fita da su ranar Talata.

"Ni ban san ki da haka ba," in ji Alhaji. "Amma doka ba ta tsallake kowa. Mi za ki ce?"

Ta ɗauki wasiƙar. Ta karanta sau biyu. A karo na biyu ba kalmomin ta duba ba, gefen takardar ta duba. Firintarta ta daɗe tana jan wani siririn layi baƙi a gefen hagu na kowane shafi, ta yi ƙorafi har ta gaji. Ga layin nan a jikin wasiƙar, daga sama har ƙasa.

"Ranka shi daɗe, a aika Uba shi kawo takardun da yab buga. In da wanga layi gare su, a kore ni yau. Amma ita wagga wasiƙa, ga injina anka buga ta, kuma ba ni nib buga ba."

Alhaji ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon layin. Washegari Uba ya kawo jerin sunayen, fari fes, da hatimin shagon kasuwa a bayansa. Aka ce Sahura ba ta da laifi.

Sai dai hankalinta bai kwanta ba. Mabuɗin ɗakinta uku ne: nata, na Alhaji, da wanda ake ajiyewa a sito wajen Hamisu. Hamisu ya rantse nasa ya ɓata tun damina. Shi Alhaji, ta tuna, ya iya kwamfuta, kuma har yau bai faɗi wanda ya kai masa labarin Hamisu ba. Sannan ga Atine, wadda take karɓar mabuɗinta duk safiyar Laraba ta yi shara yayin da Sahura ke kai fayil sashen ma'aikata. Atine ba ta iya bugu ba, amma tana iya buɗe wa wani ƙofa.

Sahura ta sa aka canja kwaɗo, ta sayo tsintsiya ta riƙa share ɗakin da kanta. Laraba ta farko Atine ta zo ta miƙo hannu kamar kullum.

"Bari, na riga na share."

Atine ta kalle ta, ta kalli tsintsiyar a bayan ƙofa, ta juya. Da rana ba ta kawo kwanonta ba, Sahura kuma ba ta aika a kira ta ba.

Bayan zaɓe aka mayar da Hamisu Gummi. Ita ta buga takardar. Ranar tafiyarsa ya leƙo ya yi sallama.

"Wallahi ba ni na rubuta wasiƙar can ba."

"Ni ma wallahi ban kai ƙararka ba."

Suka yafe wa juna, ya hau babur. Sahura ta ce har yanzu ba ta san ko ya yarda da ita ba, ita ma ba ta rantsewa ta yarda da shi. Saura mata 'yan shekaru ta yi ritaya, ta kuma riga ta sayi fili a Bukkuyum kusa da gidan Innarta. An turo mata wata sabuwar ma'aikaciya, Hidaya, ta koya mata aikin. Hidaya na da saurin hannu, ga yawan tambaya, Sahura kuwa tana amsa mata wadda ta shafi bugu kaɗai.