Inna da Mota Mai Kujera Biyu

Kwanan baya jikokina biyu suka cika mini ɗaki da gardama. Za su je biki Yauri. Ɗaya yana cewa a tafi da motarsa, wata baƙa mai ƙugi wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa. Ɗayan yana cewa a bar ta a gida a ɗauki shata, don hanya ba ta da kyau, in ma ta lalace ba tasu ba ce. Suka juyo wai in raba musu. Na ce su shiga wadda ta fi kusa da ƙofa su tafi yau. Suka bushe da dariya, wai Hajiya ta fara rikicewa. Ban rikice ba. Na taɓa zama a tsakiyar irin wannan gardama, kuma har yau abin bai bar yi mini ciwo ba.

Shekarar da aka toshe kogin Kwara a Kainji muna Sakkwato, inda maigidana yake aikin ofis. Yana cikin samarin da aka ɗaga sama bayan samun 'yancin kai, lokacin da Turawa ke ta haɗa kayansu. A hannun wani Bature mai aikin madatsar ya sayi motar. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, a baya kuma wani ɗan lungu da akuya ma sai ta yi tunani kafin ta shiga. Kowace safiya sai ya shafe ta da tsumma kafin ya karya. Ni dai na ce masa an sayar masa da rabin mota, ya koma ya karɓo sauran. Ya ce ni 'yar Yelwa ce, ban san komai ba sai kwandon kifi. Amma gaskiya in ta hau kwalta, itatuwa gudu suke yi da baya, kuma ni ma ina jin daɗin yadda mata ke leƙe ta kan katanga.

A lokacin mahaifiyarsa tana wurinmu. Inna muke ce mata. Tun da rani aka kawo ta asibiti saboda gwiwoyinta da suka ƙi lanƙwasuwa. Mutuniyar wani ƙauye ce a bakin kogi, gaba da Warra. Can aka haife ta, can aka yi mata aure, gidan ubanta da na mijinta danga ɗaya ce ta raba su, da wata tsamiya a tsakani. Kabarin mijinta a gindin tsamiyar yake. Ƙauyen yana cikin waɗanda aka ce ruwa zai ci. Tana Sakkwato aka kwashe mutanensu zuwa sabon gari mai ɗakunan siminti, ƙannenta suka kwashe mata tukwane da gado. Ba ta yi ban kwana da ko ƙofar ɗakinta ba.

Maigidana shi ne ɗanta na fari, kuma Inna tana yi masa kunya irin ta mutanen da, mai tsanani. Kakarsa ce ta yi renonsa a ɗaya gefen dangar. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama kan tabarma ɗaya da shi. In ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa wa bango. Duk abin da take so, ni take gaya wa, ko da yana tsaye a wurin: ki ce wa mijinki kaza. A gidanmu na Yelwa ma ana kunyar ɗan fari, amma tamu ba ta hana a ce wa yaro ya miƙo buta. Sau da yawa raina yana ɓaci da abin, sai in haɗiye.

Da damina ta yi nisa, wani farken busasshen kifi daga wajensu ya biyo ya gaishe ta. Shi ya ce ruwa ya fara hawa, ya cinye fadama, ya shiga gonakin gero. Bayan ya tafi Inna ta kira ni.

"Ki ce ma mijinki shi kai ni gida. Ina son in taka shi tun ruwa bai ci shi ba."

Da na gaya masa, har murna ya yi. Ya ce gobe ma. Motarsa wuni ɗaya za ta kai mu Yelwa, washegari mu ƙarasa. Ina jin ya daɗe yana jiran ranar da motar nan za ta yi wa uwarsa amfani. Inna ta dogara sanda ta fita ta duba motar. Ta leƙa lungun baya, ta ga gwiwarta ba za ta shiga ba. Ta dubi kujerun gaba, yadda suke manne da juna, in direba ya miƙa hannu zai canja giya sai ya kusan taɓa gwiwar na kusa da shi. Ta dawo ɗaki ta ce in ce masa ya nemo ta haya, wadda ni da ita za mu shimfiɗa katifa a baya, shi ya zauna gaba da direba.

Ya san dalili, ba sai an faɗa masa ba. Amma ya ji zafi. Ya ce mini ko a wannan ma? Na kawo shawarar a samo wani ya tuƙa motar. Inna ta ce zama gwiwa da gwiwa da baƙon namiji wuni guda bai fi ba. Shi kuma ya ce babu wanda zai ba makullinsa. Babbar motar kasuwa kuwa, mai bencin katako, Inna ko hawanta ba za ta iya ba. Haka na tsaya tsakanin mutum biyu masu taurin kai iri ɗaya, ina kai saƙo ina dawo da saƙo a cikin gida ɗaya.

Ya shiga zaryar tasha. A shekarar nan motar haya ta yi wuya, duk mai ƙafa huɗu tana can tana jigilar siminti da kwanon rufi da mutanen da ake tayarwa. Da ƙyar ya samu wani mai a-kori-kura ya yi alkawarin bayan Juma'a. Juma'a ta wuce, aka ce ya tafi Gusau. Ya dawo, aka ce wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta, ana jiran a kawo daga Kano. Wani kuma ya ce shi ba ya bin hanyar Warra da damina ko me za a ba shi. Duk wannan lokaci jar motar tana ƙofar gida, cike da mai, ana shafe ta kowace safiya. Inna ta daina cin abincin kirki. Wata rana na kasa daurewa na ce mata, Inna, ɗanki ne fa, ba wani ba. Ta dube ni, ta ce ai shi ya sa.

Sai farken kifin nan ya sake dawowa. Wannan karon bai so ya faɗa ba, sai da ta matsa. Ya ce ruwa ya shiga masallaci.

Washegari maigidana ya fito da tsummansa zai shafe mota, ya tarar da Inna a ciki. Yadda ta buɗe ƙofar, yadda ta saukar da gwiwoyin nan cikin wannan kujera mai zurfi, har yau ban sani ba. Tana zaune a gaba, ƙullin kayanta a cinya, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta da ke wajen direba, tana kallon taga. Ya dawo cikin gida da sauri, idonsa ya yi ja, ya ce in ɗauko gyalena. Ko ofis bai aika ba. Na naɗe kaina a lungun baya, gwiwa a haɓa.

Motar ta yi abin da aka saye ta dominsa. A kan kwalta ban taɓa ganin ya yi gudu irin na ranar ba. In Inna tana son ruwa, ni take gaya wa ba tare da ta juyo ba. Na lura da hannunsa: duk sanda zai canja giya, sai ya kama ta da 'yan yatsu kawai, ya janye da sauri, don kada ya taɓa zanenta. Bayan Jega hanya ta fara lalacewa. Kafin mu wuce mahaɗar Shanga, cikin motar ya daki dutse har salansa, bututun hayaƙin nan, ta faɗi. Mutumin da ke faɗa in yaro ya jingina da motar nan, ya fita, ya ɗauki salansar da zafinta ya jefar cikin ciyawa, ya dawo ya ci gaba. Muka shiga Yelwa da ƙara, yara na bin mu. A gidanmu muka kwana, da sassafe muka kama hanyar Warra, cikin taɓo, ana tura mu ana ciro mu.

A Warra hanya ta ƙare, don ruwa ya hau ta. Wani tsoho mai kwalekwale, abokin marigayi mijinta, ya gane Inna. Ya gaishe ta, ya sunkuyar da kai, ya ce da mun zo kasuwar da ta wuce da mun taka ƙasa. Na ga bayan wuyan maigidana ya motsa. Inna ta ce a kai ta haka nan.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, ni da aka haifa a bakin Kwara. Ja ne, shimfiɗe, ba ya gudu. Jinkar rumbuna na yawo a kai, da tsofaffin faifai, da karan gero da bai kai ga yanka ba. Tsohon yana tuƙi yana faɗin inda muke: nan kasuwa ce, nan maƙera, nan rijiya. Mu dai ruwa muke gani. Sai ga kan tsamiya, ganyenta kore shar, rassan sama kaɗai a waje. Tsohon ya matsa da mu har muka shiga ƙarƙashinsu.

Inna ta kama reshe ɗaya ta riƙe. Ta yi wa mijinta addu'a a hankali, muka shafa. Na ɗauka shi ke nan, abin da ya kawo ta ke nan. Sai ta sauke mayafin daga fuskarta. Ta juya ta dubi ɗanta, ido cikin ido, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa masa.

Ya ɗago kamar an mare shi.

"Babanka na nan gabas ga iccen ga," ta ce. "Nan yamma kuwa, inda hannuna ya nuna, nan anka bizne cibiyarka. Kakarka ta bizne ta, amma ni ka sharar wurin kullum, ba wanda ya sani. Shi na so in gwada maka. Na so ka taka shi da ƙahwarka."

Ya leƙa inda ta nuna. Babu komai sai jan ruwa da wani ganye yana juyawa. Ya tura hannunsa ciki har kafaɗa, hannun rigarsa ya jiƙe, kwalekwalen ya karkata har tsohon ya yi magana. Bai taɓo komai ba. Babban mutum, mai ofis, ya kifa kansa a gefen kwalekwale yana kuka. Ni ma kukan nake yi, kuma haushinsu nake ji su biyun, da na kaina, da na mai a-kori-kura. Inna ba ta yi kuka ba. Ta tsinki 'yan ganyen tsamiya ta ƙulle a bakin zanenta, ta mayar da mayafinta yadda yake. Da muka kusa gaɓa ta ce mini in ce wa mijina ya matse hannun rigarsa kada sanyi ya kama shi.

Ba ta koma Sakkwato da mu ba. Ta zauna a sabon gari wurin ƙannenta, a ɗakin siminti da take cewa yana mata zafi da rana, sanyi da asuba. Ba ta ga wata daminar ba. Motar kuwa da ƙyar ta mayar da mu. Bai sake shafe ta ba, daga baya wani makanike ya ja ta.

Mun yi shekaru masu yawa bayan nan, mun yi motoci, manya masu kujeru har da na baya-baya. Bai taɓa cewa da ma kaza ba, ni ma ban tayar masa ba. Amma akwai tambaya ɗaya da yake yi mini lokaci-lokaci, yawanci in muna hanyar Yauri, tafkin Kainji ya fara bayyana ta taga. Da ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, sai ya riƙa yin ta kusan kullum.

"Kin ji ta kuwa ranar nan? Ta kira ni, ko ni na ji haka?"

Ina ce masa na ji, da kunnena, ta kira ka. Sai ya ce in faɗa masa yadda ta faɗa. Ni kuwa matarsa ce, ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka kawo ni gidansa. Sai in ce masa ai ya san sunansa. Ya yi murmushi ya juya fuska bango.

Ranar da ya yi tambayar ta ƙarshe, na tashi na rufe ƙofa, na zauna a bakin gadonsa, na kira shi yadda ta kira shi. Ya rufe ido ya ce in sake.